Baƙin da ke kan ganyen mangwaro: hayaƙi ne ko cuta?

Alhaji Ɗanlami, Aboabo a Kumasi, Ghana: Assalamu alaikum. Jama'a ina neman shawara a kan mangwaron tsakar gidanmu. Tun bayan ɗaukewar ruwa ganyensa ya yi baƙi ƙirin, 'ya'yan da ya fara ma duk sun yi dabbare-dabbare. Simintin da ke ƙarƙashinsa yana danƙo, in ka taka sai ka ji takalmi na mannewa. Maƙwabcina ya ce hayaƙin mota ne da na masu ƙona taya. Yaran gida kuma sun ce a sare shi a huta. Mahaifina ne ya dasa shi, ba na so in sa masa gatari ban san laifinsa ba. 

Garba Mai Magani, Kejetia: Wa alaikumus salam Alhaji. Funfuna ce. Ka aiko yaro shago in ba shi maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe, irin wanda ake yi wa koko. Duk baƙin da ya hau ganye ko ɗan itace shi muke bayarwa.

Zainabu Sani, Asawase: Baba Alhaji ina wuni. Kafin ka sayi komai ka yi mini abu biyu. Ka tsinko ganye ɗaya ka kankare baƙin da farce, ka ga abin da ke ƙarƙashi. Sannan ka juya bayan ganyen da ke sama da shi ka duba gefen jijiyar tsakiya.

Alhaji Ɗanlami, Aboabo: To 'yata, na yi. Baƙin yana ɓarewa falle-falle, ganyen da ke ƙasa kore shar, ko tabo babu. A bayan ganye kuma akwai wasu fararen abubuwa masu gashi-gashi, sun yi cincirindo, in ka murje su sai ka ga ruwa. Tururuwa na hawa da sauka.

Zainabu Sani, Asawase: Yawwa Baba. Fararen nan ƙwari ne masu tsotson ruwan ganye, kuma su ne tushen matsalar. Ruwan da suke tsotsa sukari ya yi masa yawa, sai su riƙa zubar da ragowar, tana ɗiga kan ganyen da ke ƙasa da su har zuwa siminti. Ita ce darɓa, irin wadda manoman dawa suka sani. Baƙin kuwa funfuna ce kamar yadda Yaya Garba ya faɗa, amma darɓar take ci. Ba ta huda ganye, ba ta shiga cikinsa, shi ya sa ka ga kore a ƙasa. Illarta ita ce tana tare hasken rana, ganye ya kasa haɗa abinci, bishiya ta rage 'ya'ya. A fannin da nake karatu a jami'ar Kwame Nkrumah irin wannan funfunar tana cikin zuriyar da ake kira Capnodiales. In darɓa ta daina zuba, ita ma za ta bushe ta ɓare da kanta.

Garba Mai Magani, Kejetia: To ai ba mu rabu ba. Ta ce funfuna, na ce funfuna. In ƙwari ne kuma akwai na ƙwari mai ƙarfi, a haɗa biyun a tanki ɗaya a gama.

Zainabu Sani, Asawase: Yaya Garba, nan ne ba zan bi ka ba. Wannan ƙwaron, Rastrococcus invadens, baƙo ne daga kudu maso gabashin Asiya. A farkon shekarun 1980 aka fara ganinsa a Ghana da Togo, ya yi ɓarna ƙwarai a mangwaro da lemo. Ba feshi ne ya karya shi ba. Wani ɗan mitsitsin zanzaro aka ɗauko daga Indiya, Gyranusoidea tebygi, aka sake shi a Togo a 1987, daga baya aka sake shi a ƙasashen maƙwabta. Yana saka ƙwansa a jikin ƙwaron, tsutsarsa ta cinye shi daga ciki. Maganin ƙwari mai ƙarfi zanzaron yake fara kashewa, domin shi a fili yake yawo, shi kuwa farin ƙwaron yana lulluɓe da kakin da magani ke zamewa a kai. Ga shi bishiyar a tsakar gida take, inda ake girki, yara na wasa.

Baba Musa, Tepa: Yarinyar nan ta yi gaskiya. Bayan fari da gobarar daji ta 1983 mun ga mangwaro sun koma baƙaƙe gari guda, mutane suka yi ta sarewa. Daga baya abin ya lafa, mu dai ba mu san dalili ba sai yau.

Hajiya Rabi Mai Waake, Sawaba: Ni tambayata ta ciki ce. Mangwaron da ya yi wannan baƙin ana ci?

Zainabu Sani, Asawase: Ana ci Mma Hajiya, a bayan ɓawo yake, a wanke da ruwa sosai. Baba Alhaji kuma, ka sa a rage rassan da suka cunkushe don iska da rana su shiga, a kwashe su daga gidan. A riƙa fesa ruwan sabulu marar ƙarfi ko man darbejiya a bayan ganye da yamma. Sai a tare wa tururuwa hanya a gindin bishiya, don su ke gadin ƙwarin saboda darɓa, suna korar zanzaro.

Malam Nuhu, Tafo: Zainabu, ni da nake koyar da kimiyyar halittu a sakandare ina da magana a kan sunan da kika ambata. A littattafan da na karanta, Capnodiales babbar zuriya ce. Cutar baƙin zane ta ganyen agada tana ciki, ɗigon ganyen gyaɗa yana ciki, Cladosporium, baƙar funfunar da ke hawa bangon banɗaki, yana ciki. Yanzu kin ce 'yan wannan zuriya ba sa shiga ganye. Amma ta agada ai tana shiga, har ta kashe ganyen. Ya ke nan?

Zainabu Sani, Asawase: Malam, abin da ka karanta haka yake a lokacinsa. Bari in faro daga sama don kowa ya bi. Funfuna ba tsiro ba ce, ba ta da koren da ke haɗa abinci da rana, tana da masarautarta daban. Mafi girman sashe a cikinta shi ne Ascomycota, masu ƙunsa irinsu a cikin 'yar jaka, yawanci takwas a jaka ɗaya. Yis ɗin burodi ma nan yake. A cikin wannan sashe ajin da ya fi kowane yawa shi ne Dothideomycetes, an ƙidaya jinsi kusan 19,000 a cikinsa. Alamar da aka san su da ita tana jikin jakar. Bango biyu gare ta, na waje mai tauri, na ciki mai talewa. In ta nuna kuma ruwa ya jiƙa ta, sai na wajen ya tsage a sama, na cikin ya miƙe ya fito, ya harba irin ɗaya bayan ɗaya cikin iska. A madubin ƙara girma kana iya ganin jakar ta yi tsawo farat ɗaya. Capnodiales zuriya ɗaya ce a cikin wannan aji. Wani masani mai suna Woronichin ya kafa ta a 1925 don masu cin darɓa. Da aka fara gwajin DNA, wato sinadarin gado da ke jikin halitta, sai aka yi ta zuba mata wasu gidaje, wato ƙananan rukunoni, da aka ga suna kusa da ita, har ta zama ta biyu a girma a ajin, bayan Pleosporales. A 2020 masana, cikinsu har da Pedro Crous na cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a Holan, suka sake auna wurare huɗu a DNA na ɗimbin jinsuna, suka raba ta bakwai. Masu cin darɓa suka riƙe tsohon sunan. Masu cutar ganye irin ta agada da ta gyaɗa suka koma Mycosphaerellales. Cladosporium ya koma Cladosporiales. Sauran huɗun ƙanana ne, akwai ma wadda ke zaune kan duwatsu.

Malam Nuhu, Tafo: Wannan ne abin da ke damuna. Yaro ya haddace suna bana, baɗi a ce an canza. Ita cutar agadar ma mun san ta da Mycosphaerella fijiensis, yanzu na ji ana cewa Pseudocercospora fijiensis. Halittar ba ta canza ba. Me manomi ya ƙaru da shi?

Garba Mai Magani, Kejetia: Malam ka faɗi abin da ke raina. Baƙi baƙi ne. Manomi na zuwa shago da ganye a hannu, ba shi da lokacin zuriya.

Alhaji Bawa, Asawase: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na fahimci yarinyar. Mu duba zangon nan namu. Baƙon da ya zo daga kudu zai ga duk muna jin Hausa, muna sa riga da hula, muna salla, sai ya ce duk Hausawa ne. Amma mu mun san wannan Bamoshe ne, wancan Bazabarme, ga Kotokoli, ga Wangara, ga Dagomba. Zama wuri ɗaya ne ya sa muka yi kama. In magana ta zo ta gado ko sarauta, sai an koma an tambayi asali.

Zainabu Sani, Asawase: Baba Alhaji Bawa, Allah ya ƙara girma, ka gama maganar. Baƙin nan sinadari ne a bangon jikinsu da ake kira melanin, ɗan'uwan wanda ke fatarmu. Yana kare su daga zafin rana da bushewa. Duk funfunar da ke zaune a fili, kan ganye ko bango ko dutse, tana amfana da shi, don haka zuriyoyi masu nisa da juna suka yi baƙi kowacce ta hanyarta. Ko a ganye ɗaya na mangwaron nan, in an shuka baƙin a ɗakin gwaji, jinsuna da yawa za su fito a cakuɗe. Wasu ma 'yan Chaetothyriales ne, waɗanda ke wani aji daban, sun fi kusa da funfunar burodi mai kore a kan Capnodium, mai cin darɓa, da suke kwana tare a ganye. Malam, batun suna biyu kuwa, da can ana ba funfuna ɗaya suna biyu, ɗaya na lokacin da take yin jaka, ɗaya na lokacin da take yaɗa iri ba tare da jaka ba, saboda siffofin biyu ba sa kama da juna. A taron Melbourne na 2011 aka yanke cewa suna ɗaya za a riƙe, aka fara aiki da haka daga 2013. Shi ya sa aka zaɓi Pseudocercospora.

Malam Nuhu, Tafo: Na suna ɗaya na yarda, sauƙi ne ga ɗalibi. Rabawa bakwai kuwa har yanzu ina ganin an yi yawa. Zuriyar da ba ta wuce jinsi ƙalilan ba, me ya hana a bar ta gida a cikin babbar?

Zainabu Sani, Asawase: Inda za a ja layin a ce nan zuriya ce, nan gida ne, hukuncin masana ne, kuma ana iya saɓani a kai. Amma ni ina ganin rabon ya yi amfani a wuri ɗaya mai muhimmanci: ya ware masu kwanciya a bayan ganye daga masu shiga cikinsa.

Baba Musa, Tepa: To 'yata, mu sauko gona. Ina aikin gonar koko, muna dasa agada don inuwar ƙananan. Ganyen agadar na yin zane-zane ja-ja a ƙasa, ya koma baƙi, ya bushe tun kafin nono ya cika. Na kankare da farce yanzun nan, ba ya fita.

Zainabu Sani, Asawase: Ba zai fita ba Baba, a cikin ganyen yake. Ita ce baƙar Sigatoka. A tsibirin Fiji aka fara gane ta a 1963, ta iso Gabon a 1978, ta watsu a yammacin Afirka cikin shekarun 1980. Irinta yana sauka kan sabon ganye yana buɗewa, in akwai raɓa ko ruwa ya tsiro ya shiga ta ƙofofin numfashi da ke ƙasan ganye. Sai bayan makonni kake ganin siraran zane masu bin jijiyoyi, yawanci a ganye na uku ko na huɗu daga sama. Zanen ya faɗaɗa, ya yi baƙi, tsakiyarsa ta koma toka-toka. A wannan tokar, inda ganye ya riga ya mutu, jakunkunan suke. Ruwan sama na taɓa su su harba, iska ta kai wa gonar maƙwabci. Agadar da ta rasa ganye lokacin fitar nono, 'ya'yanta ba sa cika, suna kuma nuna kafin lokaci, ana iya rasa kashi uku cikin goma har zuwa rabi. Ka riƙa yanke ganyen da ya kamu da wuri, ka tara su a ƙasa wuri ɗaya a kife, don wanda ya bushe yana rataye a jikin uwa shi ya fi yaɗa iri. Kada a dasa a matse. Taki ma na taimakawa, agada mai ƙarfi tana fitar da sabon ganye da sauri. Akwai kuma irin agada mai suna Apem Hemaa da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua ta fitar, tana jure cutar.

Baba Musa, Tepa: Apem Hemaa na san ta. Tana bayarwa, amma masu fufu suna cewa ta yi laushi, a kasuwa irin Apantu suke nema.

Garba Mai Magani, Kejetia: To baƙin ɗan koko fa? Shi ai maganina na yi masa.

Zainabu Sani, Asawase: Yana yi Yaya Garba, can ne wurinsa. Sai dai mai sa ruɓewar koko, Phytophthora, ba ma funfuna ba ne ta asali, ya fi kusa da wasu gansakukan teku. Shi ya sa wasu magungunan funfuna ba sa taɓa shi, ake haɗa masa nasa. Jinsin da ya fi tsanani, megakarya, a 1985 aka gano shi a Ghana, wajen Akomadan. Kai da ke kan kanta kai ne mutum na farko da manomi ke tambaya, in ka sa shi ya kankare ganye a gabanka kafin ka miƙa kwalba, ka tsirar masa da kuɗinsa.

Garba Mai Magani, Kejetia: Wannan ba wuya. Amma wanda ya zo daga ƙauye da kuɗin mota, in na ce masa ruwan sabulu, shago na gaba zai shiga.

Idi Mai Albasa, Anloga: Salamu alaikum. Mu namu baƙin a buhu yake. Albasa ta taso daga Galmi lafiya, ta kwana kan hanya cikin zafi, ta iso Kumasi cikin damshi, ka ɓare ɓawon farko ka ga baƙin gari ya bi layi-layi daga wuya, yana kama yatsa. Shi wace zuriya?

Zainabu Sani, Asawase: Kawu Idi, wannan Aspergillus niger ne, zuriyar Eurotiales, ba ya cikin waɗanda muke magana sam. Danginsa su ne Penicillium, funfunar burodi mai kore. Yana son zafin da ya haura digiri 30 da danshi, yana shiga ta wuyan da bai bushe ba ko inda albasa ta ƙuje wajen lodi. Maganinsa shanya sosai kafin a zuba a buhu, da ɗaga buhuna daga ƙasa, da barin iska tsakaninsu. Shi ɗin dai ake kiwo a masana'antu don samar da sinadarin tsamin da ke cikin lemon kwalba. Wanda ya kamata a fi jin tsoro a gidansu ba baƙi ba ne. Aspergillus flavus, mai ruwan ɗorawa-kore da ke hawa gyaɗa da masarar da ba su bushe ba, shi ke yin dafin aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe dafin.

Hajiya Rabi Mai Waake, Sawaba: Innalillahi. Masarar da ta yi haka mutane ke sayar wa masu dama koko da araha. Gara a faɗa a masallatai.

Sista Hauwa, Aboabo: Bari in sa baki daga ɓangaren asibiti. Akwai ɗaya daga cikin baƙaƙen nan, Hortaea werneckii, da ke yin tabo mai ruwan ƙasa ko baƙi a tafin hannu, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Yana son gishiri, shi ya sa gumi ke yi masa daɗi. A saman fata kawai yake, man shafawa na funfuna yana kawar da shi. Amma don Allah duk wanda ya ga baƙin tabo a tafin hannu ko tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, yana girma ko yana canza siffa, ya je a duba. Akwai sankarar fata da ke fara haka, kuma a jikin baƙar fata nan ne ta fi fitowa. Na bangon ɗaki kuma, masu asma suna wahala da shi, musamman a ɗakunan haya marasa taga da damina.

Zainabu Sani, Asawase: Haka ne Anti. Hortaea yanzu yana Mycosphaerellales, zuriya ɗaya da cutar agada. Ana samunsa a wuraren shanya gishiri na bakin teku, yana rayuwa a ruwan da gishiri ya kusa ƙosar da shi.

Malam Nuhu, Tafo: Zainabu, muna da madubi biyu masu aiki a makaranta. Ina so yarana su ga jakar nan da idonsu, ko da ba za su riƙe sunayen ba. Ta yaya?

Zainabu Sani, Asawase: Ganin jakar kanta sai an yanka ganye siriri da sabuwar reza daidai kan ƙananan ɗigon baƙi da ke cikin tokar, a danne a ɗigon ruwa. Yana son haƙuri. Harbin ya fi sauƙin nunawa. A yanko guntayen busasshen ganyen agada daga wurin da ya yi toka, a jiƙa su minti biyar, a manna a cikin murfin faranti, a kife murfin a kan gilashin madubi yadda ganyen ba zai taɓa shi ba. Bayan awa ɗaya a ɗiga ruwa a duba gilashin. Za su ga ƙwayoyin iri masu ɗaki biyu, farare tas, baƙin a jikin uwar ya tsaya. Wasu 'yan'uwanta da ke zaune a mataccen ganye su ma za su harba nasu, don haka ba duk abin da aka gani ne Sigatoka ba. Ka sa musu ɓawon baƙin mangwaro a gilashi na biyu su kwatanta, shi za su ga zare ne masu duhu, gaɓa-gaɓa, a sarƙe.

Baba Musa, Tepa: Malam, ganye kam akwai shi. Ranar Alhamis zan ba direban Tepa ya sauke maka a tasha. In sa a leda?

Zainabu Sani, Asawase: A'a Baba, leda za ta sa ya yi gumi wasu su hau kai kafin ya iso. A shanya shi a inuwa, a naɗe a tsohuwar jarida, a rubuta sunan ƙauyen da ranar da aka yanko.